Amanar Ƙwai Sittin daga Gadarif

 

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina riƙe da alƙalami da daftari a zauren dattijon garinmu, wani ƙaramin garin Hausawa a bakin kogi, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. A tsawon wannan lokaci babu irin amanar da ba ta bi ta hannuna ba: wasiƙu, kuɗin sadaki, takardun gona, likkafani da zamzam daga Makka, maganin ido daga Madani, har da haƙoran roba na wani tsoho da ya manta da su a Damazin. Ina yaro na tarar da zamanin bosta, lokacin da ake liƙa wa wasiƙa ɗan hoton nan na mai raƙumi ɗauke da buhunan takardu, wanda aka fara bugawa tun 1898. 'Yan uwanmu na Kano suna kiran irinsa kan sarki, mu kuwa namu raƙumi ne. Bosta ta yi rauni tun kafin yaƙi, aikinta ya koma hannun direbobi. Yau idan mutum ya ce ya aika abu, nufinsa ya damƙa shi ga direban bas ko na boksi, ya ce masa amana ce, ya kira mai karɓa a waya ya faɗa masa lambar mota.

Dukkan waɗannan amanoni, yadda aka ba da su haka suke isowa, in sun iso. Wasiƙa ko ta sha ƙura, abin da ke cikinta ba ya sakewa. Sau ɗaya ne aka kawo mini amanar da hanya ta taɓa cikinta alhali bayanta lafiya lau, kuma labarinta nake son ba ku, domin har yau ban rufe shafinta a daftari ba.

Ba sai na tuna wa kowa abin da ya same mu a 2024 ba. A ƙarshen watan Yuni Sinja ta faɗi, hanyoyi suka toshe, mutanen garuruwanmu suka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Damazin. Sinja ta dawo a watan Nuwamba, Madani a Janairun 2025, jama'a suka fara komowa a hankali, kowa yana laluben abin da ya rage masa. Baba, haka muke kiran dattijonmu, ya umarce ni da in bi gida gida in rubuta hasarar kowa. Na ja layuka a daftari: rai, ɗaki, hatsi, shanu, awaki, injin ban ruwa. Da na nuna masa sai ya ce, “Malam, ina layin kaji?” Na yi murmushi, ina tsammanin ba'a yake yi. Bai yi murmushi ba. Ya ce, “Kai ka rubuta dukiyar maza. Koma ka ja wa mata nasu layin.”

Gaskiyarsa. Kaza ita ce asusun mace a garuruwanmu. Da ƙwanta ake sayen gishiri da sabulu, da shi ake biyan kuɗin Laraba na yaro a makarantar allo. Ita ake yanka wa baƙo, ita ake yi wa mai jego farfesu, ita ake kai wa kasuwa ranar da zazzaɓi ya kama jariri kuma maigida ba ya nan. Da na gama zagaye sai na tarar kaji bakwai ne suka rage a garin gaba ɗaya, zakara ko ɗaya babu. Wasu an cinye su a kan hanyar gudu, wasu waɗanda suka shigo bayanmu sun cinye, sauran muzuru da yunwa da cutar nan mai murɗe wuya, wadda maƙwabtanmu ke kira samir, suka raba. Watanni muka yi muna tashi sallar asuba ba tare da cara ba. Ban san kunnena ya dogara da ita ba sai da na rasa ta.

Marigayiya Inna, uwargidan Baba, tana da wani irin kaji jajaye masu baƙar wutsiya, masu haƙurin kwanci da zafin kare 'ya'ya, waɗanda rabin kajin garin daga gare su suka fito. Takan ce kakarta ce ta ɗauko asalinsu a cikin kwando tun daga ƙasar Sakkwato, a ƙaurar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka sauka a bakin wannan kogi. Ni dai a raina ban taɓa gaskata cewa kaza za ta tsira a tafiyar shekaru tsakanin mayunwata ba, amma ban taɓa yi mata musu ba, kuma yanzu da na ga abin da mata suka ɗauko a kansu ranar gudu, shakkata ta ragu. Abin da na tabbatar shi ne, lokacin da aka kai 'yar Baba gidan miji a Gadarif, shekara ashirin da suka wuce, Inna ta sa mata kaza biyu da zakara a cikin kayan gara. Sun yaɗu a unguwarsu ta Hausawa. Irin da ya ƙare a wurinmu yana can yana tono a bayan gidajen mutane.

Ita ce ta kawo shawarar ƙwai. Kaza mai rai tana da tsada, hanya da zafi suna kashe ta, kuma ana tsoron a shigo da cuta. Ban da haka, maƙwabciya za ta ba ka ƙwai uku da daɗin rai, amma ba za ta ba ka uwar ba. Wani daga cikin matasa ya ce me ya sa za a wahala, ga ƙwai a faranti a kasuwar Sinnar? Tsofaffin mata suka yi masa dariya. Ƙwan gonar kaji na ci ne kawai, domin kajin da suka saka shi ba su taɓa ganin zakara ba. Ko shekara aka yi ana kwanci a kansa babu abin da zai fito.

Kwana takwas ta yi tana tarawa daga gidaje shida. Kowane ƙwai ta rubuta masa ranar da aka saka shi da fensir, ta jera su a cikin yashi mai sanyi a gindin randa, ba ta wanke ko ɗaya ba, domin wanki yana cire wani siririn rufi da Allah ya yi wa ɓawon ƙwai don tare ƙazanta. Sa'an nan ta naɗe kowanne da takarda, ta binne su cikin ƙaiƙayin dawa a kwali biyu, ta ɗaure da igiya, ta rubuta sunan Baba a kai. Ta aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp: “Malam, sittin ne cif. Ka gaya wa Baba jikokin kajin Inna ne suka dawo gida.”

Ga kuskurena na farko. Tun ƙwan suna Gadarif na zauna na yi lissafi irin na magatakarda: sittin a raba biyu biyu, gida talatin. Na zaɓi gidajen zawarawa da na marayu da na tsofaffin da ba su da mai nema musu, na jera sunaye da lamba, na kai wa Baba. Ya duba ya ce jerin ya yi kyau, a ajiye. Ni kuwa da na ji an ce ya yi kyau, bayan sallar Juma'a sai na miƙe a ƙofar masallaci na karanta shi da ƙarfi, da sunan Baba. Jama'a suka yi ta addu'a. Na koma gida ina jin na yi abin kirki, domin mutane sun daɗe ba su ji an kira sunansu a kan wani abu ba in ban da hasara.

Motar ta iso ranar Talata da la'asar, 12 ga Sha'aban. Boksi ne, ya biyo ta Hawata da Dindir, hanyar ƙasa mai gargada, ya kwana a hanya. Na roƙi direban tun a waya da ya sa kwalayen a gaba kusa da shi. Ya sa ɗaya. Ɗayan ya hau baya tsakanin buhunan riɗi, a ƙarƙashin rana. Ban yi masa faɗa ba, domin akwai mace mai ciki a gaban motar, kuma ita ta fi ƙwai haƙƙin wurin. Muka buɗe a zaure. Huɗu sun fashe, uku sun tsage, saura hamsin da uku, kowanne sumul kamar yanzu aka ɗauko shi daga gurbi. Na ce Alhamdu lillahi, hasarar ba ta da yawa.

Ɗan ƙanwata, wanda ya yi shekara biyu yana karatun noma a Abu Na'ama kafin yaƙi ya rufe makarantu, shi ne ya haɗa mana injin ƙyanƙyasa, abin da ake kira faggasa a kasuwa. Tsohon firiji ne da ya mutu, ya sa masa ƙwan lantarki biyu, da fankar kwamfuta, da ma'aunin zafi, da wata 'yar na'ura mai kashe wuta da kunna ta, ya haɗa duka da batir da allon sola na masallaci. Yara suka yi ta mamaki wai ƙwan lantarki ne zai yi wa ƙwan kaza kwanci. Ni kuma na matsu a zuba su a daren nan. Ya ce, “Kawu, a'a. Ƙwan da ya yi tafiya sai ya huta.”

Da dare ya yi ya kai ni ɗaki mai duhu, ya ɗora ƙwai a bakin tocila. A can ne na ga abin da hanya ta yi. Kowane ƙwai yana da ɗan ɗakin iska a ɓangarensa mai faɗi, tsakanin fatu biyu sirara da ke ƙarƙashin ɓawo. A lafiyayyen ƙwai wannan ɗaki yana zaune wuri ɗaya, zagayayye, ko an juya shi ba ya motsi. Shi ne numfashin farko na ɗan tsako: idan ya kusa fita, can yake fara huda baki ya shaƙi iska kafin ya fasa ɓawo. To girgizar mota takan ɓamɓare waɗannan fatu. A ƙwan kwalin da ya hau baya, sai ka ga ɗakin iska ya zame gefe ya yi siffar sirdi, a wasu kuma ya tsinke gaba ɗaya yana yawo kamar kumfa duk inda aka karkata ƙwan. Zafin rana ma yana da tasa ɓarnar, domin yana iya tayar da ƙwayar halittar ta fara girma a hanya, sanyin dare kuma ya katse ta. Wannan tocila ba ta nuna shi sai daga baya. Yaron ya ce masu wannan sana'a, idan ƙwan da aka aiko daga nesa ya ba su rabi, godiya suke yi. Na yi shiru ina tuna ƙofar masallaci.

Muka jera su tsaye, tsini a ƙasa, faɗi a sama, muka bar su yini da kwana ba mai taɓa su, don abin da ya girgizu ya samu ya kwanta. Ana cikin haka sai ga Goggo, ƙanwar Baba, ta aiko a kira ni. A cikin kaji bakwai da suka tsira, tata ce ɗaya, kuma kwana uku ke nan ta kwanta a gurbi babu komai a ƙarƙashinta, tana hura gashi tana saran duk mai kai hannu. Goggo ta ce, “Malam, ku ba baiwar Allah nan rabonta, kafin ku cika akwatin ƙarfenku.” Muka zaɓa mata goma sha ɗaya daga cikin mafi lafiyar ɗakin iska, ta zura mata su da dare. Arba'in da biyu suka shiga injin da safiyar Alhamis, 14 ga wata, ranar da daren rabin Sha'aban ya biyo bayanta.

Daga nan na zama magatakardar ƙwai. Na buɗe sabon shafi, ina rubuta zafi da danshi sau biyar a rana, bayan kowace salla. Zafin da ake so digiri 37 da rabi ne, danshi wajen kashi hamsin cikin ɗari, wanda muke samu da kwanon ruwa a ƙasan injin. Dole ne a riƙa juya ƙwai don kada abin da ke ciki ya manne wa ɓawo. Kaza tana yin haka da bakinta sau da yawa a yini ba tare da an koya mata ba. Namu kuwa, saboda raunin da hanya ta yi musu, kwana uku na farko ba mu juya su ba sam, bayan haka ma ba mu kwantar da su ba, sai dai mu karkata farantin dama, bayan salla ta gaba mu karkata shi hagu. Goggo takan zo ta leƙa, ta ƙi duba ma'auni, ta ɗauki ƙwai ta manna a fatar idonta ta ce ya yi ko bai yi ba. Yaron yakan ɓata rai. Sai da na gaya masa cewa mutanen Masar sun fi shekara dubu biyu suna ƙyanƙyashe dubban ƙwai a ɗakunan laka da wutar kashin dabbobi, kuma masu tsaronsu, irin na garin Birma, da fatar ido suke gane zafi, sa'an nan ya sassauta.

A dare na bakwai muka sake haskawa. Wanda bai taɓa ganin wannan ba, ina yi masa fatan ya gani. Ƙwan da ke da rai yana yin ja a kan tocila, jijiyoyi sun bazu a cikinsa kamar saƙar gizo, a tsakiya ga wani ɗan ɗigo baƙi yana motsi shi kaɗai. Na daɗe ina karanta ayoyin fitar da rayayye daga matacce, amma a daren nan sai da hannuna ya yi rawa. Tara ba su nuna komai ba, fes kamar ranar da aka saka su. Biyar sun nuna zoben jini, alamar rai ya fara sa'an nan ya tsaya, kuma dukkansu daga kwalin baya suke. Muka fitar da goma sha huɗu, saura ashirin da takwas. Ɗaya daga cikin waɗanda na ɗauka zan zubar ya fashe a kan rigata. Duk ɗalibin fiƙihu ya san ƙwan da ya ruɓe najasa ne a mazhabarmu, don haka limamin da ke jirana in tayar da iƙama ya yi jira.

A dare na goma sha biyu batir ya mutu. An yi ƙura yini biyu, allon sola bai sha rana ba, wutar gari kuwa mun daina lissafi da ita, ko da yake madatsar Sinnar mai ba da lantarki tana nan kusa da mu, wadda kakanninmu suna cikin masu ɗaukar duwatsunta kafin a gama ta a 1925. Wajen ƙarfe ɗaya na dare yaron ya buga mini ƙofa. Sanyin ƙarshen hunturu yana nan, ma'auni ya sauka zuwa 31. Na ce a kawo garwashi a sa a ƙasan injin. Goggo, wadda hayaniyarmu ta tayar, ta hana. Ta ce kaza kanta tana tashi kullum ta je ta ci ta sha ta yi wankan ƙasa, ƙwai su huce, ta dawo, ba abin da ke samunsu. Ƙwai yana jure sanyi na ɗan lokaci, zafin da ya wuce kima ne ba ya jurewa. Sai aka hura wuta a waje, ana tafasa ruwa ana ɗurawa a kwalabe, ana naɗe su da tsumma ana jerawa a ciki, aka lulluɓe firijin da barguna uku. Mata huɗu daga cikin masu suna a jerina suka kwana suna wannan aiki har rana ta fito. Ba wanda ya kira su.

Rana ta goma sha takwas ta faɗo a uku ga Ramadan. Ashirin da biyu ne suka rage da rai. A ranar ake daina juyi, a ƙara ruwa har danshi ya kai wajen kashi saba'in, a rufe ƙofa, kada a sake buɗewa sai an gama. Yaron ya maimaita mini wannan sau uku kafin ya tafi Sinnar neman wani batir. A daren ashirin, bayan tarawihi, na kara kunne a jikin firijin na ji kuka siriri daga cikin ƙwan da bai fashe ba tukuna.

Ga kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko ciwo ko da yake ya fi shi ƙanƙanta. Wani ƙwai ya huda tun da asuba, ɗan baki yana leƙowa yana buɗewa yana rufewa, amma har azahar bai ƙara komai ba. Na ga kamar yana neman taimako. Na buɗe, na ɗauko shi, na fara ɓare ɓawon da farce. Jini ya fito. Ashe ɗan tsako yakan yi kusan yini da kwana tsakanin huda da fita, yana janye jinin da ke cikin jijiyoyin fatar ƙwai zuwa jikinsa, yana kuma shanye sauran gwaiduwa ta cibiya, wadda ita ce guzurinsa na kwana biyu ko uku na farko. Abin da na ɗauka gajiya ce, aiki yake yi. Ya mutu a tafin hannuna kafin la'asar. Buɗewar da na yi kuma ta fitar da danshi, fatar ciki ta bushe ta ɗaure wasu biyu da suka riga suka huda, su ma ba su fita ba. Da yaron ya dawo ya ga ɓawon da jini, bai ce mini komai ba. Na rubuta su a daftari, uku, na sa sunana a gefen da nake sa dalili.

Kazar Goggo ta fito da takwas daga goma sha ɗaya ranar Alhamis, cikar kwana ashirin da ɗaya daidai. Na injin sun makara da yini guda saboda daren sanyi, goma sha biyar suka fita. Ba na ce wannan ya nuna kaza ta fi inji ba, tun da mu da kanmu muka zaɓa mata mafi kyau, kuma ba ta da magatakarda mai buɗe mata ƙofa. Ashirin da uku ke nan daga sittin. Da dare Goggo ta zura wa kazar wasu daga cikin na injin a ƙarƙashin fiffike, ta wayi gari ta karɓe su kamar nata. Sauran muka rene su a kwali da fitila. Biyu suka mutu a makon farko, shirwa ta ɗauki biyu bayan salla. Da suka yi gashi aka bambance su, sai ga mata goma, zakaru tara. Gida talatin kuma suna jira.

Na je wurin Baba da hujjata a shirye. Na ce, “Allah ya ja zamaninka, mun karanta a Risala cewa ba a sayar da kifi a cikin ruwa ko ɗan tayi a cikin uwarsa, amma wannan ai kyauta ce, kuma malamanmu sun halatta kyautar abin da ba a san adadinsa ba. Kowa ya san ƙwai gaibu ne. A ba wanda ya samu, sauran su yi haƙuri.” Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, “Malam, ka zagaya gari tun ranar da ka yi karatunka a ƙofar masallaci?” Na ce a'a. Ya ce in je in zagaya in dawo.

Na zagaya. A gida ashirin da shida daga cikin talatin an gina sabon akurki. Wasu da laka, wasu da kara da yaɓe, wata tsohuwa ta kifa tsohuwar randa ta huda mata ƙofa. Akwai wadda ta sayar da tabarmarta ta sayi ragar waya saboda muzuru. Da na dawo Baba ya ce, “To, ka tuna ɗaya mas'alar. Alkawari idan ya sa wanda aka yi wa ya shiga wata ɗawainiya saboda shi, a mashahurin zancen mazhabarmu ya zama dole a cika. Ka yi alkawari da bakina, sun gina akurki. Yanzu bashi ne, kuma a kaina yake.” Ban sami abin cewa ba. Shekara ashirin da bakwai ina rubuta masa wasiƙu, ban taɓa ɗora masa bashi da alƙalamina ba sai ranar.

Shi ne ya tsara yadda za a biya. Aka tara matan a tsakar gidan Goggo, aka yi ƙuri'a, kamar yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi tsakanin iyalansa idan zai yi tafiya. Yarinya ƙarama ta riƙa zaro kara daga ƙwarya. Gida goma na farko suka karɓi budurwar kaza ɗaya ɗaya, a kan sharaɗi irin na kiwo da muka gada: duk wadda tata ta yi ƙyanƙyasar fari, za ta rene mace biyu ta miƙa wa gidaje biyu masu bi mata a jerin. Zakaru huɗu aka raba wa unguwanni huɗu, ba na kowa ba ne, kuma haramun ne a yanka su ko baƙo daga ina ya zo. Biyar aka sayar a kasuwa aka sayi maganin rigakafin samir, wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata ta ce mini a fuska, “Malam, da ka ce biyu, ashe da bakin alƙalami ka ce.” Na karɓa.

Cara ta farko mun ji ta a tsakiyar damina, wata irin murya a shaƙe ta zakaran da bai gama koyo ba, mutane suka yi ta ba juna labari a bakin masallaci kamar an yi haihuwa. Kajin suka fara saka ƙwai wajen watansu na shida zuwa na bakwai. Bakwai daga cikin goma sun yi kwanci sun fitar, ɗaya muzuru ya ci, biyu har yanzu suna yi mana yanga. Jajaye ne masu baƙar wutsiya, yawancinsu. Duk wadda aka miƙa, nakan je da daftari in ja layi a kan suna, mai bayarwa da mai karɓa su dangwala yatsa. Zuwa yau na ja layi a kan ashirin da uku.

Tsohuwar nan mai randa ita ce ta ashirin da bakwai a ƙuri'a. Kowace Juma'a takan tsaya a bakin zaure ta ce, “Malam, layi ya zo kaina?” in ce saura kaɗan, Iya. Ta rasu a watan jiya, da zazzaɓi, saura gida uku a kai gare ta. Bayan addu'ar bakwai na buɗe daftari a gaban Baba na tambaye shi ko in soke lambar, na bayanta su matso. Ya ce bashi ba ya mutuwa da mai shi, wa ta bari? Na ce jika ɗaya, yarinya mai shekara tara, tana hannun maƙwabta. Ya ce in rubuta sunanta a wurin. Na rubuta. Jiya na bi ta gidan, na tarar yarinyar ta share cikin randar ta zuba sabon ƙaiƙayi.